Wai da gaske ne ƙwaƙwalwa da kwantum take aiki?

Mai Gyaran Waya, Aboabo

Assalamu alaikum jama'ar zango. Ina roƙon masu ilimin asibiti da na boko su taimaka mini, don abin ya kai ga gardama a gidanmu.

Wani bidiyo ne yake yawo a WhatsApp. Wani Bature mai sanƙo da gemu, an rubuta sunansa Stuart Hameroff, an ɗora muryar Hausa a kan maganarsa. Wai masana sun gano cewa hankalin mutum yana cikin wasu ƙananan bututu ne a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, masu aiki da kimiyyar kwantum, kuma idan mutum ya mutu wannan abin ba ya mutuwa, fita yake ya bazu a sararin samaniya. Mai muryar ya ƙare da cewa to ga shi, kimiyya ta gano ruhi. Yayana ya yarda ɗari bisa ɗari. Ni ina cewa a bi a hankali, shi yana cewa taurin kai ne irin na masu taɓa waya.

Da a nan abin ya tsaya da ban dame ku ba. Ranar Lahadi wasu mutane suka kafa rumfa a bakin titinmu da laftof da wani ƙaramin akwati, suna cewa na'urar kwantum ce. Ka riƙe wani ƙarfe na minti ɗaya, ka ba da sidi 50, a buga maka takarda mai shafuka da yawa: hanta, ƙoda, ƙashi, har da “ƙarfin ƙwaƙwalwa”. Innarmu ta je. Aka ce jinin kanta ya yi kauri, aka sayar mata da kwalaben magani, yanzu tana cewa za ta ajiye ƙwayar hawan jinin da asibiti suka ɗora ta a kai. Yayana ya ce ai kimiyyar ɗaya ce da ta bidiyon, Turawa ne suka riga mu.

To shi kwantum ɗin nan mene ne? Ƙwaƙwalwa da shi take aiki? Kuma akwatin rumfar yana da wata alaƙa da maganar Baturen?

Ɗan Asawase

Masta, ni ma sun taɓa kama ni a wajen Kejetia. Yaron da ke kan laftof yana hira da wata mai sayar da lemo, ya danna “mace” a maimakon “namiji”. Takarda ta fito wai mahaifata ta yi sanyi, kuma al'adata ba ta zuwa a kan lokaci. Ni da gemuna. Na ce a mayar mini da kuɗina, suka ce sai dai a sake gwaji kyauta. Maganar ƙwaƙwalwa kuwa na bar wa manya.

Anti Nas

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye wayar ka je ka ce wa Inna kada ta bar ƙwayar hawan jini ko na kwana ɗaya. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shanye wa mutum ɓarin jiki, kuma masu rumfar ba za ka gan su ba ranar da za a ɗauke ta zuwa Gee, babban asibitin Komfo Anokye. Kwalaben ku kai wa likitanta ya duba, don wasu jiƙe-jiƙen suna karo da maganin asibiti, wasu kuma ƙodar da aka ce za su gyara ita suke ci.

Baturen naka abokin sana'ata ne. Likita ne mai sa marasa lafiya barci a ɗakin tiyata, ya daɗe yana aiki a Jami'ar Arizona ta Amurka, ni kuma nas ce mai wannan aikin a nan Kumasi. Ban bi ra'ayinsa ba, amma ba na yi masa dariya, don duk wanda ya daɗe yana tsayuwa a wajen kan mara lafiya a tiyata, wannan tambayar sai ta kama shi.

An kwantar da mutum, yana ta salati, wani ma yana ba ni sallahu ga matarsa. Na tura masa furofofol a jijiya, farin maganin nan, na ce ya ƙirga. Kafin minti ɗaya ya cika ya tafi. Zuciya tana bugawa, jini yana zagayawa, ƙwaƙwalwar ma idan ka sa mata na'urar auna wutarta za ka ga tana aiki. Mutumin ne ba ya nan. A yanka cikinsa, a ciro abin da za a ciro, a ɗinke. Na rufe gas, ya farfaɗo, abin da da yawansu suke fara cewa shi ne, “Anti, yaushe za a fara?” Awa 3 sun wuce, shi a wurinsa ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Mai barcin dare idan ya farka yakan ji a jikinsa cewa dare ya yi nisa ko bai duba agogo ba. Nawa ba sa jin haka.

Ketamin kuma, wani maganin sa barcin ne, halinsa daban. Shi ne abin dogaro a ƙananan asibitoci, don ba ya kayar da jini, kuma mutum yakan ci gaba da numfashi da kansa. Ido a buɗe, ba ya jin wuƙa, amma idan ya dawo sai ya ba ka labarin ya yi tafiya, ya ga launuka, ya ga kakarsa da ta rasu tuntuni. Ga kuma allurar baya da muke yi wa matan da za a ciro wa jariri: tana hira da ni, tana tambaya mace ce ko namiji, daga ƙirji zuwa ƙasa kuwa ba ta san abin da ake yi ba. Kashe zafi daban, hana motsi daban, ɗauke hayyaci daban, kowanne da maganinsa da awonsa.

Tun ranar 16 ga Oktoba 1846, da aka yi tiyata da iskar eta a bainar jama'a a Boston, ake wannan aikin, kuma an shafe shekara fiye da 100 ana yi ba a san inda maganin yake taɓawa ba. A 1899 da 1901 Meyer da Overton, kowa da bincikensa, suka lura cewa gwargwadon yadda magani yake narkewa a man zaitun, gwargwadon ƙarfinsa. Sai aka ce to kitsen da ya lulluɓe ƙwayoyin jijiya yake shiga. A 1984 Franks da Lieb a Landan suka nuna magungunan suna hana wani furotin aiki ko babu kitse a wurin, furotin ɗin da ke sa ƙwaron nan mai walƙiya da dare ya yi haske. Daga nan ido ya koma kan furotin. Yau an san furofofol yana ƙara wa GABA ƙarfi, sinadarin da ke hana ƙwayoyin jijiya harbawa, ketamin kuma yana toshe wata ƙofa da ake kira NMDA. Duk wannan bayanin ya tafi daidai ba tare da an taɓo bututun Hameroff ba.

Gwajin da ya fi shiga raina shi ne na su Marcello Massimini a Milan. Suna bugun ƙwaƙwalwa da maganaɗisu daga wajen kai, su ɗauki amsarta da wayoyin da aka manna a fatar kai. Mutum yana farke, amsar takan bazu ko'ina, kowane sashe da irin tasa. An ba shi furofofol, takan tsaya inda aka buga ta mutu nan take. An ba shi ketamin, takan bazu irin ta mai farke, kuma shi ne ɗin da zai tashi da labarin mafarki. A 2013 suka mayar da abin lamba da ake aunawa, har ana gwada ta a kan waɗanda suka daɗe a sume ba sa magana. Wannan ya dace da abin da idona yake gani: hayyaci yana tafiya ne idan sassan ƙwaƙwalwa suka daina jin juna.

Duk da haka akwai gwaji biyu da suka hana ni watsar da mutumin gaba ɗaya. Akwai wata iska, zenon. Kusan ba ta haɗuwa da komai, ba ta da wari, tsadarta ta sa ba ma ganinta a nan, amma tana ɗauke hayyaci tsaf, an yi wa mutum tiyata da ita tun 1951. Tana da ire-ire waɗanda a cibiyar ƙwayar zarrarsu kawai suka bambanta, a wajen hulɗa da sinadarai kuwa duk ɗaya ne. A 2018 wasu masu bincike a Wuhan ta ƙasar Sin suka shaƙa wa ɓeraye zenon iri 4: mai lamba 129, da 131, da 132, da 134. Biyun farko cibiyarsu tana da wani hali na kwantum da ake kira sifin, biyun ƙarshe ba su da shi. Masu sifin ɗin suka fi rauni, sai an ƙara yawansu kafin ɓera ya faɗi. A karatun da aka yi mana, bai kamata a ga bambanci ko kaɗan ba.

Na biyu a 2024 aka yi shi, a Kwalejin Wellesley ta Amurka. Aka ba ɓeraye wani magani daga dangin magungunan ciwon daji, mai kama ƙananan bututun nan ya ƙarfafa su, sannan aka shaƙa musu aisofuluren, gas ɗin da nake buɗewa kusan kullum. Suka ƙara fiye da minti ɗaya kafin su faɗi. Ɓerayen ba su da yawa, kuma iyakar abin da gwajin ya nuna shi ne bututun suna da hannu a aikin gas ɗin. Bai ce komai a kan kwantum ba. Amma hannun nan shi ne da yawa suke cewa babu.

Maganar cewa abin yana fita ya bazu bayan mutuwa kuwa, hasashensa ne da yake faɗa a hirarraki, babu wani gwaji da ya tsaya mata. Wanda ya haɗa bidiyon ne ya mayar da hasashe tabbas.

Ticha

Anti, sannu da aiki, kin rage mini hanya. Ni fiziks nake koyarwa a sakandare, a Tek, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, na yi karatu, bari in ɗauki ɓangaren da kika bari.

Ƙanena, kwantum dokokin da ƙananan abubuwa suke bi ne: ƙwayar zarra, ilektiron, ƙwayar haske. Max Planck ya fara a 1900, Heisenberg da Schrödinger suka tsara lissafin a 1925 da 1926. Ilektiron, muddin babu abin da ya taɓa shi, yana iya kasancewa a hali biyu a lokaci guda, nan da can, sai an auna shi yake tsayawa a ɗaya. Yana kuma iya ratsa shingen da ƙarfinsa bai kai ya tsallake ba. Wannan kullum yana hannunka. Memorin wayar da kake gyarawa, ta wannan ratsawar ake cusa ilektiron a ma'ajiyarsa a kuma zare shi, hotunan mutane da lambobinsu a haka suke zaune. Idan kuma kana neman na'urar kwantum ta gaskiya mai duba ƙwaƙwalwa, MRI ce ta manyan asibitoci, da sifin ɗin haidurojin da ke ruwan jikinka take aiki. Maganaɗisunta ya kai nauyin tan da yawa, ɗaki guda ake gina mata. Ba ta shiga jakar laftof.

Saboda haka wanda ya ce ƙwaƙwalwa da kwantum take aiki, ta wata fuskar bai ce komai ba, don duk haɗuwar sinadarai a duniya kwantum ce. Da'awar Penrose da Hameroff ta fi haka girma. Cewa suke ƙwaƙwalwa tana riƙe wancan hali biyun a cikin bututu masu ɗimbin yawa a tare, ta yi lissafi da shi, kuma duk lokacin da halin ya rushe da kansa, a nan ne ɗigon hayyaci ɗaya yake faruwa. Roger Penrose ba ƙaramin mutum ba ne, masanin lissafi ne na Oxford, ya karɓi lambar Nobel a 2020. Sai dai a kan baƙin ramin sararin samaniya aka ba shi, masu tura bidiyo ba sa faɗin wannan. Ya fara maganar a littafinsa na 1989, yana dogaro da wata hujjar lissafi ta Gödel ta 1931: a ganinsa masanin lissafi yana gane gaskiyar da kwamfuta ba za ta kai gare ta ba ta bin ƙa'ida, don haka tunani ba lissafin kwamfuta ba ne, dole akwai wata fiziks a ƙasa. Yawancin masana mantiƙi ba su karɓi wannan hujjar ba. Hameroff ya karanta littafin, ya neme shi da bututunsa, suka haɗa ra'ayin a tsakiyar shekarun 1990.

Inda abin yake cijewa shi ne zafi da ruwa. Hali biyun nan ba ya jure taɓawa, ƙwayar ruwa ɗaya ta goge shi ya watse. Shi ya sa Google da IBM suke sanyaya kwamfutocinsu na kwantum zuwa kusan digiri 273 ƙasa da sifili, a cikin tulun ƙarfe da aka zuƙe wa iska. Ƙwaƙwalwa kuwa digiri 37 ce, cike da ruwan gishiri, komai yana karo da komai. A 2000 Max Tegmark ya zauna ya lissafa, ya samu cewa a cikin bututun halin zai rayu kusan kashi 1 cikin tiriliyan 10 na daƙiƙa. Ƙwayar jijiya kuma harbinta ɗaya yana cin kusan kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa. Tazarar ninki biliyan 10 ce. Yadda nake faɗa wa ɗalibaina, a ce halin kwantum ɗin daƙiƙa 1 yake rayuwa, to harbin jijiya ɗaya zai ci shekara fiye da 300, wato ya fara tun Sarkin Asante Osei Tutu yana yaƙi da masarautar Denkyira, sai yanzu yake ƙarewa. Su Hameroff sun mayar da martani a 2002, suka ce Tegmark ya lissafa abin da ba shi suke nufi ba, nasu lissafin ya kai kusan kashi 1 cikin 10,000 na daƙiƙa. Ko an karɓi nasu, ra'ayin nasu na asali kashi 1 cikin 40 yake nema.

Ɓangaren Penrose ma an kai shi ɗakin gwaji. Shi a wurinsa ƙarfin da ke jan abu mai nauyi ƙasa shi ke rushe hali biyun. Lajos Diósi na ƙasar Hungary ya tsara irin wannan da lissafi, kuma idan tsarinsa mafi sauƙi gaskiya ne, kowane abu zai riƙa fitar da wani ɗan haske mai rauni ƙwarai wanda ido ba ya gani. Aka shiga ɗakin gwaji na Gran Sasso a Italiya, ƙarƙashin dutse mai kaurin mita 1,400, aka kafa na'ura aka jira wata 2. Hasken bai fito ba. Sakamakon ya bayyana a 2020. Akwai sauran tsare-tsaren da gwajin bai kai gare su ba, amma mafi sauƙin ya faɗi.

Sannan bututun nan masu faɗin nanomita 25 (nanomita kashi 1 cikin biliyan ce na mita) ba ƙwaƙwalwa kaɗai ke da su ba. Suna cikin hanta, suna cikin doya da rogo, su ne ke jan kayan gado gefe biyu idan ƙwayar halitta za ta rabu. Idan ka tambaye su me ya hana doya tunani, za su ce na ƙwaƙwalwa jerinsu daban ne. To, muna jiran gwaji.

Inda zan ba Anti gaskiya shi ne, cewa jiki mai ɗumi ba ya iya amfani da kwantum kwata-kwata, wannan maganar ta tsufa. Akwai ƙaramin tsuntsu a Turai, robin, mai ƙaura da dare. A idonsa akwai wani furotin da idan haske ya buge shi, ilektiron biyu sukan rabu alhali sifin ɗinsu yana haɗe, sai maganaɗisun duniya ya karkata yadda haɗin zai ƙare. A 2021 su Peter Hore na Oxford da Henrik Mouritsen na Oldenburg suka nuna a kwalbar gwaji cewa furotin ɗin na robin ya fi na kaza da na tattabara jin maganaɗisu. Amma ku lura, ilektiron biyu ne, na kusan kashi 1 cikin miliyan na daƙiƙa. Daga nan zuwa kwamfutar kwantum mai cika kai akwai tafiya.

Abin da ke ba ni haushi, ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a wannan ilimin. Farfesa Francis Allotey, ɗan Saltpond da ya koyar a Tek, har yau sunansa yana kan wani tsarin lissafi na hasken X da ya fito daga aikinsa na 1966. Kuma Gana ce ta gabatar wa Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya daftarin da ya sa aka ware 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantum ta duniya. Mu a zango kuwa, a rumfar masu jiƙo muka fara haɗuwa da shi.

Malamin Allo, Sawaba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ba ni da hannu a lissafinku, amma tunda an ambaci ruhi dole in sa baki. An tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da ruhi, amsar tana Suratul Isra'i aya ta 85, cewa ruhi daga al'amarin Ubangiji yake, kuma ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan. Ayar ba ta hana binciken ƙwaƙwalwa ba, Hajiya Nas ta ci gaba da aikinta, Allah ya saka mata. Amma wanda ya nuna wani bututu ya ce ga ruhi nan, ya faɗi abin da ba shi da dalili a kai, a addini da a boko duka. Ɗana, ka tambayi yayanka, idan ya jingina imaninsa da bututun, ranar da wani ɗakin gwaji ya rushe maganar ina zai kama?

Tambayar kuma ba Turawa suka fara ta ba. Ibn Sina, likitan da ya rasu a 1037 miladiyya, ya ce a ƙaddara an halicci mutum yanzu-yanzu, cikakke, yana rataye a sarari, idonsa a rufe, gaɓoɓinsa a ware ba sa taɓa juna, ba ya ji ba ya gani. Shin zai san akwai shi? Ya ce zai sani, ko da bai san yana da hannu ko zuciya ko ƙwaƙwalwa ba. Da wannan ya kafa hujjar cewa sanin kai wani abu ne daban da jiki. Malamai sun yi masa raddi a mas'aloli da dama, Imam Gazali ma bai ƙyale shi ba, amma misalin yana nan ana karanta shi.

Shi ya sa nake son Hajiya ta amsa mini. Mutumin da kika tura wa farin maganin, a cikin awa 3 ɗin nan, ya san akwai shi? Ko kuwa yana sane, mantawa kawai yake yi?

Mai Gyaran Waya, Aboabo

Na gode, Allah ya bar zumunci. Anti, Inna ta ci gaba da shan ƙwayarta, sai da na karanta mata maganarki da ƙarfi a tsakar gida.

Wani abokin aikina a Adum an taɓa kawo masa irin akwatin rumfar da laftof ɗinsa don ya gyara, mai shi bai dawo ba. Jiya muka kwance shi. Ɗan allo ne ƙarami da fitilu da wayar da ta tafi ƙarfen, cajar waya ta fi shi kaya a ciki. Muka naɗe ƙarfen da jiƙaƙƙen tsumma, muka rubuta shekara 60. Takarda ta ce tsumman yana da raunin ƙashi da kitse a jini. Muka mayar da shekarun 20, tsumma ya warke. Yayana ya ce akwatin dai ya yarda na damfara ne, amma Baturen yana nan a kan gaskiyarsa.

Anti Nas

Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi a sana'ar. Rashin tunawa ba ya tabbatar da rashin sani, don magungunanmu suna goge tunawa a awon da bai kai na ɗauke hayyaci ba. Akwai dabarar da wani likita a Aberdeen, Tunstall, ya fito da ita a 1977. A ɗaure dantsen mara lafiya da abin awon jini kafin a tura maganin hana motsi, don kada maganin ya kai hannun. Bayan ya tafi sai a kira sunansa a kunne, a ce idan kana jina ka matse hannuna. Wasu suna matsewa. A wani bincike na asibitoci da dama da ya fito a 2017, cikin mutum 260, 12 sun amsa jim kaɗan bayan an sa musu bututun numfashi, kuma cikin waɗanda aka tambaya daga baya babu wanda ya tuna. Kada wannan ya tsorata mai jiran tiyata, yawanci ɗan lokaci ne, kuma dalilin da ya sa ba ma ɗauke ido daga na'ura ke nan. Amma shi ya sa nake hana ɗalibai hirar banza a kan mara lafiya, kuma nake kiran sunansa in gaya masa komai yana tafiya daidai ko da ya yi nisa.

Ticha kuma, ka zagaye zenon ɗina ka wuce. Lissafin Tegmark na ji shi. Ɓerayen Wuhan fa?

Ticha

Ban zagaye ba, Anti, ajiye shi na yi. Gwaji ɗaya daga ɗaki ɗaya ba ya wadatar da ni sai wasu da ba su da alaƙa da su sun sake yi sun samu abu ɗaya, balle irin wannan da ake auna lokacin da ɓera ya kasa miƙewa idan an kifar da shi. Amma a ce ya tabbata. A 2021 su Christoph Simon a Jami'ar Calgary ta Kanada sun nuna da lissafi cewa irin abin da ke idon robin zai iya bayyana shi: ilektiron biyu masu haɗaɗɗen sifin a jikin wani furotin, cibiyar zenon mai sifin ta zo kusa ta karkata su, ƙarfin maganin ya ragu. Idan haka ne, kwantum ya shiga aikinki da gaske, amma a matakin sinadari ɗaya da ƙofa ɗaya, kuma bayanin su Massimini na sassan da suka daina jin juna yana nan yadda yake. Penrose da bututunsa ba su samu komai a ciki ba.

Kuma wannan ana iya kama shi. Duk abin da ke aiki da irin waɗannan ilektiron biyun yana jin maganaɗisu. A sa ɓerayen a cikin maganaɗisun da aka san ƙarfinsa, a sake shaƙa musu zenon 129 da 132, wanda ke kifar da su kuma kada ya san wace iska ce a cikin akwatin. Idan tazarar da ke tsakanin biyun ta motsa da aka canja ƙarfin maganaɗisun, Simon ya samu hujja. Idan tazarar ma ba ta bayyana ba, to sai a koma a duba yadda aka auna na farkon.